Igiyar Shanyar Lachlan

Lairg,
14 ga Mayu.

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, tare da fatan takardar nan ta same ka da sauƙi fiye da yadda na baro ka ranar Lahadi. Yaya hannun? Yaya harshen, ya fara sakin magana? Mama ta ce yanzu kana riƙe cokali da kanka, har ka ture ma'aikaciyar jinyar da ta zo ba ka kunu. Na yi dariya har da ƙwalla, na ce to, Lachlan ya kama hanyar dawowa. Allah ya ƙara sauƙi. Mama, na san ke ce mai karanta masa, sannu da zaman asibiti. Don Allah kada ki tsallake zancen kifi don ya gundure ki.

Baba, tafki ya farka. Sauron ruwa ya fara ƙyanƙyashewa a bayan tsibiri, kifin tirawut yana kiwo ƙasa da fuskar ruwa kaɗan, sai dai ka ga ruwan ya kumbura, ba ya fashewa. Jiya ina gama rabon wasiƙu na ajiye motar gidan waya, na ɗauki jirginku kai da abokinka Kawu Murdo na fita ni kaɗai. Na buɗe akwatin ƙudajen ƙarya na yaudarar kifi da ka ɗaura a kan ƙugiyoyi lokacin sanyi, kafin ciwon nan ya kayar da kai, na haɗa igiyar shanya yadda ka koya mini.

Ka duba ko na yi kuskure. Tsarkiya, siririn zaren da ke ƙarshen igiyar sandar kamun kifi, ƙafa ashirin. A can ƙarshenta ƙuda mai kan soso. A tsakiya siraran nan guda biyu na gashin kunnen zomo da jan zare. Igiyar sanda tana iyo ta wannan gefe, mai soso yana iyo ta wancan, biyun nan suna rataye a tsakani kamar safa a igiyar shanya, daidai bakin kifi. Na rage soson da almakashi har ya zama ba ya iyo sosai, ba ya kuma nutsewa. Da na jefa, hannuna ya fara ƙaiƙayin ja, sai na ji muryarka: "Ishbel, ba ja ake yi ba, jira ake yi." Na bar iska tana kora jirgi. Bakwai na kama, na mayar da biyar ruwa.

Gasar kofin ƙungiyar masu kamun kifi ranar Asabar ta sama ce. An yi ƙuri'a, na faɗo jirgi ɗaya da Kawu Murdo, ka ga ai sa'a ta zo har gida. Ya zo shekaranjiya da kwalbar zuma, ya zauna a kujerarka. Ya ce, "'Yar Lachlan, bana dai a bar wa tsoho ko da kifi ɗaya." Na ce, "Kawu, ai ƙashin zan ba ka ka yi miya." Ya yi ta zagaye-zagaye yana tambayar tazarar ƙudajen da yadda ake rage soso. Na ce ya je asibitin Inverness ya tambayi mai abin. Shekara talatin da ɗaya yana zaune kusa da kai a jirgi, har yau bai gane ba!

Zan yi ƙoƙari kofin ya kwana a gidanmu kamar yadda ya saba. Ka ci abinci, ka bi maganar likita.

'Yarka,
Ishbel.

Lairg,
29 ga Mayu.

Mama,

Ina gaishe ki da gajiya, ina fata ƙafarki ta daina kumburi. Yaya jikin Baba? Wannan takarda taki ce ke kaɗai. Ki karanta ta a waje, ki sa a jaka. Na kasa faɗa miki a waya, shi ya sa kika ji ina ta zancen ruwan sama.

Ranar gasa iska ta yi daidai, sama a lumshe. Muka fita jirgi goma sha biyu. Da farko lafiya lau muke ni da Kawu Murdo, har ya zuba mini shayi daga filas ɗinsa. Shi yana jefawa yana ja da sauri irin yadda ya saba, ni kuwa na shanya ƙudajena ina jira. Kafin azahar na kama shida, shi biyu. Sai hira ta ɗauke. Ya daina kallon ruwa, ya koma kallon hannuna. Da aka busa usur na tashi ina da goma sha ɗaya, shi yana da biyar, kuma da muka iso gaɓa na ga babu wanda ya wuce huɗu a sauran jiragen.

Kin san ƙa'ida, abokin jirginka ne ke sa hannu a katinka kafin a ɗora kifi a sikeli. Na miƙa masa kati da biro ina murmushi. Mama, bai karɓa ba. Ya juya wajen Dougal, shugaban kwamiti, a gaban mutum fiye da talatin, ya ce, "Ba zan sa hannu ba. Na ga tana soka tsutsa a bakin ƙugiya."

Kin san an hana tsutsa a gasar nan, ƙuda kawai aka yarda. Na ɗauka wasa ne, har na yi dariya. Na ce, "Kawu, bari mana." Ya ƙi kallona. Ya ce, "Da idona na gani. Ta watsar da sauran a ruwa kafin mu iso." Na zazzage jakata a kan katakon gaɓa, na juye aljihuna, na ce a duba. Dougal ya duba, bai ga komai ba, amma ai an riga an ce na watsar. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ranar da na kama kifina na fari, wanda ya riƙe hannunki a coci ranar jana'izar Kaka, shi ne ya tsaya yana kirana mai maguɗi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba. Dougal ya ce, "Ishbel, maganarki ce da tasa, shi kuma dattijo ne a cocinmu, me zai sa ya yi ƙarya?" Suka soke kifina, suka hana ni gasa har ƙarshen shekara, suka ba Murdo kofi. Wani ma ya ce a bayan idona, dama an daɗe ana mamakin yadda gidan Lachlan ke kama kifi ranar da kowa ya dawo hannu rabbana. Kin ji inda abin ya kai. Ba ni kaɗai ya shafa wa baƙi ba, har da kofuna goma sha huɗu na Baba.

Washegari ina da wasiƙar Kawu Murdo a jaka. Maimakon in jefa a akwati, na ƙwanƙwasa ƙofa. Ya fito da tsumma a hannu, ashe kofin yake gogewa. Na ce, "Kawu, mu biyu ne a nan, babu Dougal. Ka ga tsutsa?" Ya ninke tsumman. Can ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ina ja wa ubanki filafili. Sau tara ina zuwa na biyu. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa, Murdo, zo in nuna maka ba. Yanzu ya kwanta, sai kuma 'yarsa? Shekarata saba'in da uku." Na ce, "Ba wannan na tambaye ka ba." Ya ce, "Abin da na faɗa na faɗa." Ya rufe ƙofa.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne abin da kika gaya mini jiya cikin murna: wai Murdo ya shiga jirgin ƙasa har Inverness, ya ɗora kofin a kan gadon Baba, ya ce saboda shi ya ciwo, Baba ya riƙe hannunsa yana hawaye. Kika ce ya gaya muku ranar ba ta yi mini kyau ba ne kawai. Mama, da kika faɗa sai da na zauna a ƙasan kicin.

Kada ki gaya wa Baba. Likita ya ce a guji abin da zai tayar masa da hankali, kuma ba shi da wani aboki kamar Murdo. Zan ci gaba da rabon wasiƙuna. Wasu sun daina tsayawa hira da ni a ƙofa, amma ba zan mutu ba.

Ki kula da kanki, ki riƙa ɗaga ƙafar a kan matashi.

Taki,
Ishbel.

Lairg,
24 ga Yuni.

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina gode wa Allah da jin cewa ka taka daga gado har bakin taga da sanda. Yaya ƙarfin jiki? Ina fata barci yana samuwa.

Mama ta ce ba ta da laifi. Wai ka lura wata guda ban rubuto zancen kifi ba, ka yi ta nuna jakarta da yatsa, ka ƙi cin abinci har sai da ta ciro takardar ta karanta maka. Ta ce ka juya fuska bango har yamma. Ka yafe mini ɓoyon da na yi. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan, gara ka ji shi daga bakina.

Na ba da sirrinka, Baba. Duka.

Na yi mako uku ina tunani. Rantsuwa ba za ta wanke ni ba, domin shi ma zai rantse. Sai ranar Asabar ta biyu a watan nan na tafi rumfar ƙungiya da safe, lokacin da kowa ke haɗa kaya. Na shimfiɗa tsarkiya a kan tebur, na ce duk mai son ganin tsutsar gidan Lachlan ya matso. Na auna musu tazara da ma'auni. Na rage soso a gabansu, na jefa a bokitin ruwa suka ga yadda yake tsayawa. Na ɗaura na gashin kunnen zomo guda shida na raba. Fergus mai gareji, wanda bai taɓa wuce kifi biyu ba a rayuwarsa, ya ce, "To idan na jefa sai in yi me?" Na ce, "Sai ka sa hannu a aljihu ka yi shiru, in za ka iya." Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na san abin da ka yi shekara ashirin kana gyarawa nake rabarwa kamar alewa, kai kuma kana kwance ba ka da bakin hana ni.

Da yamma Fergus ya dawo da takwas. Ya tsaya a gaɓa yana ihu, "Dougal! Zo ka duba aljihuna, ko ni ma tsutsa ce!" Wasu uku da suka gwada duk sun kama fiye da yadda suka saba. Kawu Murdo yana wurin. Ya tattara kayansa ya shiga mota, ko filas ɗinsa bai ɗauka ba.

Kwamiti ya sake zama. Sun ɗage hanin da suka yi mini, Dougal ya zo har gida yana murza hula a hannu ya ba ni haƙuri. Amma kofi yana nan wurin Murdo, wai ba su da hujjar cewa ƙarya ya yi, kuma an riga an zana sunansa. Ban ja ba. Mutane sun dawo tsayawa hira da ni a ƙofa, har da waɗanda suka fi kowa gudu na. Na ɗauka zan ji sanyi, amma ban ji ba. Kowane jirgi a tafkin nan yanzu igiyar shanyarka yake jefawa, bayan tsibiri ya cika kamar kasuwa, kuma duk sanda na wuce gidan Murdo da mota sai in kau da kai.

Akwai abin da ya faɗa da ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye maka ba. Ya ce ba ka taɓa nuna masa ba. Gaskiya ne, Baba, ni shaida ce, har ni ma na sha yi masa dariya a kan haka. Da ka nuna masa tun shekara goma da suka wuce, ban san ko da mun zo nan ba. Wannan bai wanke shi ba. Wanda aka hana abu yana iya yin fushi, yana iya raba jirgi, yana iya daina gaisuwa. Shi kuwa ya zaɓi ya ci amanar 'yar abokinsa, sannan ya je ya karɓi hawayenka a kan gadon asibiti.

Jiya na tarar da mabuɗin kwaɗon jirginku a cikin akwatin wasiƙunmu, an naɗe shi a takarda. Ya rubuta layi biyu: ya bar maka rabinsa na jirgi, kuma yana roƙon a bar shi ya zo ya gan ka idan an sallamo ka ranar Juma'a. Babu kalmar haƙuri a ciki, na duba har bayan takardar.

Ban ba shi amsa ba, domin gidanka ne, abokinka ne. Na sauko da gadonka ɗakin ƙasa, na juya shi yana kallon tafki. Ka yi tunani kafin Juma'a, ka gaya wa Mama ko da da gyaɗa kai ne. Idan ka ce a'a, ni zan kai masa saƙon da kaina. Idan ka ce a buɗe masa, zan buɗe, in nuna masa kujera. Amma Mama ce za ta dafa muku shayi, ni zan fita ta ƙofar baya sai ya tafi.

Allah ya kawo ka gida lafiya. Ka gaishe mini da Mama.

'Yarka mai ƙaunarka,
Ishbel.