Baƙon da Kika Bar Mini a Aljihu

Wudil, ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Rahinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Kaduna, yaya ƙarin haƙurinmu?

Yau kwana arba'in da rasuwar mahaifiyarki. Tun da kika koma bayan addu'ar bakwai ba ki ɗaga wayata ba, shi ya sa na koma wa takarda.

Na san abin da ke ranki. Da kika zo da Sallah kin saka mini abin nan mai magana kamar mutum a cikin waya, kika ce kullum da safe zai tambaye ni jikin mahaifiyarki, abin da na faɗa ya aika miki, in ya yi tsanani ki taho. Abin kuwa ya iya gaisuwa, ya fi jikokina ladabi. Ina kwana Baba, ina gajiya, yaya mai jiki. To, Rahinatu, ni tun tasowata ban taɓa ganin baƙo ya gai da mutum, mutum ya zazzage masa ciwon gidansa ba. Sai in ce da sauƙi. Ranar da ta daina shan koko na ce da sauƙi. Ranar da ta kira ni da sunan mahaifinta ma haka na ce. Shi kuma ba shi da idon da zai leƙa ɗaki. Yadda na ba shi, haka ya kai miki. Kika iso an riga an kai ta makwancinta.

Laifin ba nasa ba ne, ba kuma naki ba.

Har jiya yana tambayata mai jiki, ina amsawa yadda na saba, don duk Wudil shi kaɗai ya rage bai san ta tafi ba. Yau da safe na gaya masa. Ya yi mini ta'aziyya tsaf, ya roƙa mata gafara, sannan ya tambayi nawa jikin. Bakina har ya ɗauko amsar nan, na haɗiye ta. Na ce masa ƙafafuna sun kumbura, takalmi ba ya shiga, kwana uku ban iya takawa masallaci ba, tuwo kuma sai dai mu kalli juna.

Saƙon da ya aika miki yana cikin wayarki, in kin buɗe. Wannan karon babu sauƙi. Ki yafe mini, ki zo.

Ki gai da maigidan da yaran.

Mahaifinki,
Gwadabe Wali