Alluran Kuroiwa Na Tafiya a Bayana

8 ga Fabrairu, ranar hutar da allurai

Inna Fujie, ki taimake ni da shawara. Duk wanda na faɗa wa maganar nan kallon mai ruɗewar tsufa yake yi mini.

Tun shekarar da inshorar lafiya ta daina biya mini kuɗin allura, wato maganin gargajiyar nan na tsira siraran allurai a jiki, nake haɗiyar takaici. Tsohon malamin kimiyya ne ni, na koyar har gashina ya zube, ladana ɗan fansho da ciwon baya. Wadda ta riƙe bayan nan wata makauniya ce, Kuroiwa, mai ɗakin allura a bayan gidan wankan unguwarmu. Tun muna da sauran ƙarfi ta kakkarya guntayen alluran zinariya ta bar mini a cikin nama, yadda ake yi a da. Duk mako sai in je ta bi su da yatsa daga ƙugu zuwa sama, tana tsokanata wai malami guda, amma bayansa ya fi ɗalibansa taurin kai.

Kin san inshora ba ta biyan mai allura sai likita ya amince. Aka kawo mana sabon likita, ya ce camfi ne, ya ƙi. Fansho bai iya ɗauka ba, na je yi mata sallama. Ta ce alluranta ba sa son zaman kaɗaici, in sun daina jin hannu za su tashi neman sa. Na yi dariya. A hunturun shekarar ta rasu.

Tun daga nan, duk shekara a rana irin ta yau da masu allura ke kai tsofaffin alluransu haikali su soka a awara mai laushi don su huta, da hantsi bayana yake ɗaukar ɗumi, wuri bayan wuri, daidai yadda yatsanta ke bi. Har hayaƙin ganyen maganin da takan ƙona a ɗakinta nakan shaƙa, alhali tagogi a rufe. Ni da na koyar cewa abin da ba ya aunuwa babu shi.

Watan jiya aka ɗauki hoton bayana a asibiti. Guntayen sun bar inda ta sa su, suna hawa a jere, na gaba ya kusa huhu. Likita ya ce tiyata, kuma inshora za ta biya. Hannu sun ƙi biya, wuƙa za su biya! In yarda a cire, ko in bar su su isa inda za su? Tun rasuwar matata, Kuroiwa kaɗai ce ke taɓa ni ba da safar hannu ba. Ita ma ta tafi.

Tsohon malami, Kanazawa

*

Malam, sannu da jiki. Ban san abin da ke ɗumama bayanka ba, kuma ba zan ƙaryata ka ba. Amma ƙarfen da aka bari a nama yakan yi tafiya, shi ya sa masu allura da kansu suka daina wannan aikin. Wanda ya doshi huhu ba ya jiran kowa ya huce.

Fushinka da likita yana kan hanya: ya raba ka da abin da ke yi maka amfani bai saurare ka ba. Sai dai kada haushinsa ya sa ka ƙi gaskiyar hoton. Cikin makon nan ka kai shi wani asibiti, inda likitoci ke aiki tare da masu allura, ka ji ta bakinsu. In sun ce a cire, ka yarda. A can kuma ka nemi amincewar da aka hana ka, ka samu wani hannun, don baya da mai bayan duk suna bukata.

Kafin a shiga da kai, ka roƙi mai tiyata ya ajiye maka guntayen. Alluran Kuroiwa ne kaɗai a garinku ba a taɓa hutar da su ba. Baɗi war haka ka sayi awara mafi laushi, ka kai su haikali, ka yi musu godiya, ka yi mata.

Ina maka fatan sauƙi, Malam, da kwanciya a kan bayanka lafiya.

Fujie