Matar Mai Fito a Zango na Tara

Kakuri, 3 ga Nuwamba

Ƙanwata Miriam,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya aikin asibiti, ya ƙauyen naku da waya ba ta shiga? Direban Kafanchan zai kawo miki wannan.

Akwai abin da nake so ki sani kafin ki zo Kirsimeti. Kin tuna "Mai Fito", fim ɗin fatalwar nan da Baba da marigayiya Mama ba sa tsallakewa duk Asabar da yamma? Wanda tsigar jikinmu ke tashi in kwale-kwale ya taso babu kowa a ciki? To, an shiga zango na tara, kuma ya koma shirme. Fatalwa na amsa waya, aljani na harbi da bindiga. Matar mai fiton da ta rasu, wadda Baba ke bin fim ɗin dominta, sun cire ta tun zango na bakwai, ko sallama babu.

Kin san tunda idon Baba ya rufe ni ke faɗa masa abin da ke kan allo. Na kasa ce masa ta tafi. Sai na ce sautin talabijin ya lalace, na kashe murya, na ci gaba da nawa fim ɗin. A nawa, tana zuwa ƙetaren kogi duk la'asar, ruwa ya kwanta luf, tana takawa ƙafarta ba ta jiƙewa. Ban san lokacin da na ba ta ɗan tarin nan na Mama ba, da ƙanshin man kaɗanya, da waƙar zumuntar mata da take yi a hanci. Baba sai ya jingina, ya miƙa hannu kamar mai laluben zare. Ranar ce kaɗai yake cinye tuwonsa.

Don Allah in kin zo, ki kama bakinki.

Yayarki,
Patience

12 ga Nuwamba

Yaya Patience,

Na amsa gaisuwa, ina lafiya. Amma shekara biyu kina zuba wa Baba ƙarya? Ni ma ina kallo in na shiga gari, kuma na yarda, daga zango na biyar jan rai kawai suke yi. Ba fim ne damuwata ba. Kin ji abin da likita ya ce game da zuciyarsa. Mutum yana da haƙƙin sanin abin da ke faruwa a ɗakinsa.

Ki yi fushi in kina so, na riga na rubuta masa ta hannun Baba Mamman.

Ki gaida maƙwabta, su Celina.
Miriam

Kakuri, 20 ga Nuwamba

'Yata Miriam,

Ubangiji ya yi miki albarka. Mamman, abokin aikina tun muna masaƙa, shi ke rubutu ina faɗa. In kin ga kuskure, nasa ne.

Ya karanta mini takardarki. Ke da yayarki kun manta ido na rasa, ba kunne ba. Shekara ashirin ina gane injin da zai tsinka zare tun daga ƙararsa. Bangon da ke tsakaninmu da Celina kuwa ba kauri gare shi ba. Duk Asabar ina jin na gaskiyar ta can, da ihunsu da harbe-harbensu, ina kuma jin na Patience a gefena. Nata ya fi, nesa ba kusa ba. In tana faɗa, ɗakin kan yi sanyi, in ji uwarku tana gyaran murya a bakin ƙofa.

Abu ɗaya ne. Duk sati kwale-kwalen ya kusa gaci, sai yayarki ta taso da iska ta mai da shi baya. Na san dalilinta, tsoro take ji. Amma na gaji da tuƙi, Miriam, kuma bakina ya yi nauyin faɗa mata. Ki ce mata ta bar mutumin nan ya isa wurin matarsa.

Ki kula da kanki.
Babanki,
Sylvanus

Kakuri, 29 ga Nuwamba

Miriam,

Na karanta takardar Baba da kika aiko. Na yi kuka, na zage ki, na kuma yi kuka.

Ranar Asabar na kunna, na kashe murya yadda muka saba. Ban taso da iska ba. Da kwale-kwalen ya taɓa yashi, Baba ya ce, "Me ta ce masa?"

Na ce, "Ta ce, ka daɗe, tuwo ya huce."

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce lallai haka za ta ce.

Yana nan, amma ya daina tambayata saura kwana nawa Asabar. Kada ki jira Kirsimeti. Ki taho.

Patience