Ledar Mayukan da Na Ba 'Yar Yayana

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni 'yar Damagaram ce, aiki ya kawo ni Yamai. Tun ina 'yar shekara goma sha uku na koyi gyaran jiki a gaban madubin yayar mahaifiyata: dilka, kurkur, lalle, sai kuma haɗin man fari, kwalba uku a juye a gwangwani ɗaya a cakuɗa da tsinke. A gidanmu yarinyar da ba ta shafa, ƙazama ake ce mata. Na daɗe ina shafawa, na yi fari kamar ba 'yar babana ba, har fatata ta yi laushi jijiyoyi suna nunawa. Likita ta ce in daina, na daina. Yau daga sabulu sai man kaɗe sai kwalli, minti biyar na fita aiki.

Ranar da na share gaban madubina na tara mayukan a leda, na tsaya bakin kwandon shara, hannuna ya ƙi saki. An raine mu a kan zubar da abu mai kyau almubazzaranci ne. Sai ga Nana, 'yar yayana, ta biyo daga lakkwal, wato makarantar boko, ta ce, "Tanti, zubarwa za ki yi?" Na ce, "Ɗauki, amma kaɗan-kaɗan." Ban ma tsaya nan ba, har na nuna mata yadda ake haɗawa. Wace irin uwa ce ke miƙa wa ɗiyarta abin da likita ta hana ta? Ina hankalina ya tafi ran nan?

Wata takwas ke nan. Da ledar ta ƙare ta ci gaba da haɗa nata a ɓoye. Yanzu kumatunta sun ƙone baƙi ƙirin, wuya duk ƙuraje, ta daina zuwa lakkwal, ga jarrabawar bak ta kammala sakandare a gabanta. Yayana ya ɗora laifin a kan matarsa, ya ce ita ke gida, ita ta saya mata. Baiwar Allah ta rantse har da hawaye bai yarda ba, sati biyu ke nan tana gidan iyayenta a Gudel.

Jiya ya kira ni gidansa a Yantala, ya zaunar da Nana a gabana ya ce, "Dubi Tantinki, da kanta ta bar wannan shirme, mi ya rage ta?" Ya juyo gare ni ya ce, "Ke yi mata faɗa, ke take ji." Na buɗe baki na yi faɗan, wallahi na yi, ita kuwa tana kallon tabarma. Da ya fita ta ce a hankali, "Tanti, kar ki damu, ban faɗa ba, kuma ba ni faɗi." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kunya nake ji, tsoro nake ji. Yayan nan shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, in na faɗa da wane ido zan ƙara kallonsa? In kuma na yi shiru, matar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, aurenta zai mutu a kan ledata. Ya ce ranar Juma'a zai je Gudel, kuma da takardar saki zai je. Yau Laraba.

Jama'a, me zan yi?