Amsar da Na Goge

Ya ke inuwata ta tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, uwar 'ya'yana,

Yau kwana tara kujerarki ta bakin taga babu kowa, tabarau ɗinki na kwance kan littafin lissafinki. Na kasa ɗaga ido in dubi takardar shaidar karatun da na rataya a bango shekara arba'in. Me ta tsinana mini? Waɗanda ke kwafar amsata a aji sun zama manya, ni na ƙare a tsaron sito, kullum ina huce haushin duniya a kanki.

Kin tuna ranar? Kin dawo daga ajin manya da kika shiga da furfurarki, fuskarki kamar hantsi bayan ruwan sama, kika miƙo mini aikin gida: (x − 3)(x + 5) = 0. Kin riga kin rubuta amsa da fensir: uku, da biyar mai alamar ragi. Kika ce malamarku ta koya muku cewa in an ninka abu biyu aka sami sifili, dole ɗayansu sifili ne, sai a bi kowane baka na lissafin a nemo lambar da za ta mayar da abin da ke cikinsa babu. Ni kuwa ɗan boko na yi tsaki. Na ce alamar da ke cikin baka ita ake ɗauka, ga ta nan ƙuru-ƙuru. Na goge naki, na juya alamomin. Kika kai shi allo kina alfahari maigidanki ne ya duba, aji ya kwashe da dariya. Da kika dawo idonki jawur, me na ce? Na ce tsohon kai ba ya ɗaukar karatu. Kika ja mayafi sai gidan 'yarmu.

Jiya na gwada. Na sa ukunki a gurbin x: uku a cire uku, babu. Biyar ɗinki ma haka. Nawa kuwa ko kusa da sifili bai je ba. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Gidan nan ma na yi masa lissafin. Mu biyu ne a cikinsa, ga shi ya koma sifili. Na duba ɓangarenki, cike yake kamar kogi a tsakiyar damina. To saura wa?

'Yarmu ta ce kin rantse ba za ki zauna jarrabawar Litinin ba. Don Allah, farin watana, kada girman kaina ya cinye miki shekara guda ta wahala. Gobe zan tsaya gaban ajinku, gaban malamar da na haifi sa'arta, in ce hannuna ne ya ɓata. In dariya ce, a yi mini.

Ga littafin da tabarau na aiko. Ki karkata shafin wajen haske: sawun fensirinki na nan ƙarƙashin rubutuna, duk gugar da na yi bai ɓace ba. Ki bi ta kansa.

Naki har ranar da za a rufe ni, ko kin dawo ko ba ki dawo ba,
Mijinki, wanda ya faɗi.