Yatsan Inuwa a Kan Kalifa

Litinin, 8 ga Yuni, 1981
Na yaye tamfal daga kan motar Inuwa, karon farko tun da sanƙarau ya ɗauke shi. Ƙanena, mai fentin garejinmu na Bompai. Wata uku da rabi ke nan ina kewaye ta kamar kabari. 'Yar motar tsere ce mai kujera biyu, ya samo ta a mace wurin wani manajan masaƙa da zai koma ƙasarsu. Ni na tashi injin, shi ya yi jiki.

Laraba, 10 ga Yuni
Na je gaida Mairama, matarsa. Ran 28 za ta fita takaba ta koma gidansu a Ɗorayi. Daga bayan labule ta ce, "Yaya, ya yi mini alkawarin ni zan fara shiga motar nan. Ko sau ɗaya ne, a kai ni gida a cikinta." Na ce to. Me zan ce?

Asabar, 13 ga Yuni
Na cire tayoyin gaba. Ga kalifa biyu, ƙarafan nan da ke matse faifan birki, jajaye wur. Aikinsa na ƙarshe ke nan. Na tuna yadda na tsokane shi, na ce wa zai leƙa bayan taya don ya ga kwalliya? Ya ce, "Yaya Uwaisu, ai ni na san yana nan."
A kan ta hagu akwai shatin babban yatsansa. Halinsa ne, ba ya iya jiran fenti ya bushe sai ya taɓa. Shekara goma ina yi masa faɗa a kan wannan. Na zauna a kan taya na yi kuka.

Talata, 16 ga Yuni
Kalifar hagun tana yoyo. Robar ciki ta mutu. Man birki kuwa cin fenti yake, har ya fara kumbura shi ta ƙasa.

Juma'a, 19 ga Yuni
Na goge, na ɗaure, na ce ƙila ya tsaya. Na san ƙarya nake. Bulus mai walda ya taka birki ina kallo, mai ya sake tsattsafowa. Ya ce, "Malam Uwaisu, ka fi ni sani. Sai an buɗe, a wanke, a kankare." Na daka masa tsawa a kan ba komai, ya tafi. Shi ya ɗauki Inuwa zuwa asibiti, bai cancanci haka daga gare ni ba.

Litinin, 22 ga Yuni
Ban taɓa ta ba. Na yi tunanin in ce wa Mairama motar ta ƙi tashi, ko in tuƙa a hankali da birkin hannu. Matar ƙanena, a titin da tirela ke wucewa! Allah ya shirye ka, Uwaisu.

Laraba, 24 ga Yuni
Na ba Bulus haƙuri. Na kwance kalifar, na fitar da fistan, na sa sabuwar roba. Sannan na ɗauki samfefa na fara kankare fentin. Na bar wurin yatsan har ƙarshe, ina ta kewaye shi, ya rage kamar kwabo a tsakiyar farin ƙarfe. Amma mai ya riga ya shiga ƙarƙashinsa, da kansa ya ɓare ya manne mini a hannu.
Ban ci abinci ba.

Alhamis, 25 ga Yuni
Akwai ragowar jan fentin da Inuwa ya haɗa a gwangwanin madara, na tsinka shi da tina. Hannuna na bakanike ne, buroshi bai san ni ba. Na dai shafa sau biyu. Damina ce, ya ƙi bushewa.

Lahadi, 28 ga Yuni
Na kai Mairama Ɗorayi. Birki lafiya lau. A ƙofar gida ta shafa kujerar ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya iya aiki." Na ce amin.
Da safe wajen ɗaura kalifar Bulus ya ga shatin yatsa a kan sabon fentin, ya dube ni, ya ce ko a gyara? Na ce a sa taya kawai. Ran Alhamis ne na taɓa, don in ji ko ya bushe. Ba wanda zai leƙa bayan taya. Ni dai na san yana nan.