Kwamfutar Jikata Tana Nguru, Bakina Ya Ƙi Buɗuwa

Anti Sa'adiya, ki taimake ni don Allah. Amma bari in fara da kacici-kacici, ke da masu karanta filin nan: wane abu ne ya shekara arba'in da biyu a cikin bakina, bai narke ba, ban haɗiye ba, ban kuma tofar ba? Ki riƙe amsar tukuna. Ni dai yau kwana tara ke nan yana neman ya kwantar da ni.

Ni tsohuwa ce a Gashuwa, bandar kifi nake sayarwa. Bokona bai wuce aji shida ba, sai ki yi haƙuri da rubutun. Ina riƙon jikata Bushra tun daga yaye, 'yar babban ɗana ce. An ɗauke ta wani horon aikin kwamfuta na 'yan mata a Damaturu, da sharaɗin kowace ta je da tata ranar Litinin mai zuwa. Wadda ta je hannu sake, a ba ta bayanta gurbin.

Ubanta ma'aikacin allurar dabbobi ne. Kafin ya tafi aiki ya zauna a kan tabarmata ya buga wa wani kamfani a Legas, ya zaɓi kwamfutar, ya biya. Ya ba su sunansa, amma lambar waya ya ba su tawa, don shi can gaba da Kumagannam aka tura shi, inda waya ba ta shiga, kuma sai ƙarshen wata zai dawo.

Bayan mako biyu saƙo ya shigo cewa kaya ya iso Nguru, in kira su in tabbatar. Na kira. Wata murya ta ce in danna ɗaya, in danna biyu, in danna tara. Na danna duk abin da aka ce. Sai aka sa min kiɗa. Anti, kiɗan nan yanzu na haddace shi, akuyata ma da ta ji shi take ɗago kai, don a gindin turkenta ne kaɗai waya take kamawa a gidanmu. Ranar farko wata Sharon ta ɗauka da Turanci, ni ina ta gaisuwar wushe-wushe ita tana wani abu dabam, har katina ya ƙare. Rana ta uku Allah ya haɗa ni da wani yaro mai jin Hausa, Ɗayyabu. Na ji daɗi har na sa masa albarka. Sai ya ce in faɗi cikakken sunan wanda ya yi odar.

Nan gizon yake... a'a, bari in faɗa miki kai tsaye. Ɗan farina ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kama sunan nan ba. Ko yana rarrafe zai taɓa wuta, sai dai in ce kai yaro. Na ce wa Ɗayyabu baban Bushra ne. Na ce mai allurar shanu ne, dogo, kowa ya san shi daga nan har Machina. Na ce shi ya karanto sunan, ni in ce e. Ya yi dariya, ya ce tasa uwar ma haka take da yayansa, amma ana naɗar maganarmu, kuma dokar aikinsu ta hana shi ya fara faɗa.

Na ba maƙwabciyata Maijidda wayar ta kira. Ita kuma mai gaskiyar tsiya, da aka tambaye ta ko ita ce mai lambar, ta ce a'a, maƙwabciya ce. Suka ce ba sa magana da wani dabam. Na ɗaura zane na hau mota har Nguru, na nemi shagon da suke ajiye kaya kusa da tasha. Na ga kwalin da idona, da sunan a jiki manya-manya. Na ɗora yatsa a kai na ce wa mai shagon ga shi nan, ni na haife shi. Ya ce ya yarda, amma sai da wasu lambobi da kamfanin zai turo bayan an tabbatar. Na dawo gida hannu biyu a cinya.

Shekaranjiya na yanke shawara zan faɗa. Na kori kowa, na ja ƙofar gida, na tsaya wurin akuya, na sha kiɗa minti arba'in. Aka ɗauka, na buɗe baki, harafin farko ya fito, sai layin ya yanke. Na zauna a ƙasa ina kuka, wallahi. Jiya kuma suka turo cewa in ba a tabbatar zuwa Asabar ba, kaya zai koma Legas.

Ga wanda ya fi damuna. Bushra tana Jakusko wurin gwaggonta, kullum sai ta kira. Ni da tsokana na ce mata kwamfuta ta zo tuni, tana ƙarƙashin gadona, har na ce na iya ta, ni za a ɗauka a Damaturu ita ta zauna ta kula da kifi. Yarinya tana can tana guɗa tana ɗinka jaka. Yanzu da wane baki zan gaya mata? Kuma in na faɗi sunan nan, me na zama bayan shekara arba'in da biyu?

Kaka mai kifi, Gashuwa.

*

Kaka, sannu da wahala. Na ɗora wasiƙarki a kan ta kowa saboda Asabar ta kusa.

Ki fara da Bushra, yau ɗin nan. Ki kira ta ki ce babu komai a ƙarƙashin gado, ta hau motar safe ta dawo. Za ta yi miki tsiya, kuma kin ci a yi miki, amma gara ta ji yau da ta ji ranar Lahadi da jaka a hannu. Ƙaryar nan ce ta hana ki ganin mafita mafi sauƙi. Sunan da ya gagare ki, ita kullum da shi ake kiranta a aji, yana jikin katin makarantarta.

In ta iso, ku kira tare da sassafe kafin layi ya cika. Ki buɗe maganar da kanki, ki ce ke ce mai lambar, kuma kin ba jikarki izini ta amsa tambayoyi a gabanki. Abin da ya ɓata kiran Maijidda shi ne ba su ji muryarki ba. In wanda ya ɗauka ya ƙi, ku nemi ya haɗa ku da na gaba da shi, ku tambaya ko za a karɓi sunan a rubuce, ku roƙi a ƙara wa kayan kwana biyu, ku kuma rubuta sunan wanda kuka yi magana da shi. Da lambobin sun shigo, ku nufi Nguru ke da ita, da wayar da katin makarantar.

Kada ki riƙe Ɗayyabu a zuciya. Da suna sakin kaya ga duk wanda ya ce shi ya haifi mai shi, da tuni wani ya yi gaba da kwalin nan. Ke ma ba wauta kike yi ba. Kunyar nan tarbiyya ce, iyayenmu a kanta suka tashi, kuma ba zan ce ki yar da ita don wani kamfani bai san da ita ba.

Amma in duk wannan ya ƙi, aka ce lalle sai daga bakinki, to ki faɗa. Babu zunubi a ciki. Don girmama ɗanki kika yi shiru tun farko, kuma na tabbata in ya dawo daga daji zai fi son ya ji 'yarsa tana Damaturu. Sau ɗaya ne, gaban baƙo da akuya, babu abin da zai ragu a jikinki.

Allah ya sa Litinin ta same ta a aji, ya dawo da ubanta lafiya, ya ƙara miki tsawon rai. Abin da ya shekara arba'in da biyu a bakinki kuwa, sunan ɗan fari ne.